Idon Ƙugiyar Hajiya Larai

Da wuya mako ya wuce ban ga saurayi ya faka babur a ƙofar shagona da ke Gaya ba. Sai ya leƙo, ya gan ni tsugune gaban akwatin inbata ina danna madannai, ya ce, "Baba, ashe aikin nan danne-danne ne kawai? Ai na gani a waya, in ka ba ni mako guda na iya." Ba na musu da ku, samari. Mako guda ya isa mutum ya koyi danna madannai, har ma ya rage. Abin da nake so ku sani shi ne, akwai lamba ɗaya a cikin akwatin nan da na ƙi dannawa, ta raba ni da wadda ta fi kowa ba ni aiki a duniya, kuma ko gobe aka mayar da ni wurin ba zan danna ta ba.

A Kano na koyi sana'a, wurin wani mai naɗin koyil da ake kira Malam Sabo. Moto muke gyarawa, ba motar hawa ba, injin lantarkin nan mai juya injin niƙa da na casa da famfon ruwa. Aikina na farko shi ne fitar da ƙonanniyar waya daga cikin moto da guduma da kurfi, hayaƙinta yana shiga ido. Na daɗe a kan wannan kafin ya yarda in taɓa sabuwar waya. Kayan aikinsa ba su cika ƙaramar jaka ba: filaya, sifana, mita mai allura, da wani ɗan katako da ya feƙe da kansa don tura waya cikin rami ba tare da ya karce ta ba. Amma babban makaminsa doguwar sukundireba ce. Sai ya ɗora bakinta a jikin moto yana juyawa, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, can ya ce, "Boris ɗin baya ne." In aka kwance, shi ne, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da sandar moto ke juyawa a cikinsa.

Mu biyu ne almajiran aikinsa, ni da Habu. Habu ya fi ni saurin hannu, ni na fi shi kunne. Ni kuma a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya na kasuwa, ina ɓoye su a ƙarƙashin benci ina karantawa in ana jiran fenti ya bushe a jikin koyil. Ranar da Malam Sabo ya kama ni bai ƙwace ba. Ya juya bangon littafin ya duba, ya ce, "Isuhu, in ka iya sauraron moto kamar yadda yaron nan yake sauraron yarinyar nan, ka gama koyon aiki."

Inbata daga baya ta zo mana. Akwati ne da ake sa wa tsakanin wuta da moto, shi ke faɗa wa moto ya yi sauri ko ya sassauta. Hanya biyu ake haɗa su, mu a shago muna cewa mai ido da marar ido. Marar ido, inbata za ta ba da umarni kawai, ta ce juya kaza, sai ta dubi yawan wutar da moto ke ja ta yi hasashen ko ya bi. Kamar mai aika wa masoyiya saƙo ne, ba ya ganin fuskarta, yana dai auna ranta da nauyin shirun da ya biyo baya. Mai ido kuwa, ana ɗaura wani ɗan abu a wutsiyar moto, girmansa bai wuce gwangwanin tumatir ba, sunansa inkoda. A cikinsa akwai faifan gilashi mai zane-zane sirara kamar gashi, da 'yar fitila da ke haska su. Duk motsin da moto ya yi, ko kaɗan ne, ko gaba ko baya, inkoda zai faɗa wa inbata nan take. Wannan shi ne ido.

Kada ku ɗauka ni mai bautar ido ne. Akwai wani injin casar shinkafa a Kademi da aka kawo da inkoda tun daga inda aka sayo shi. Ƙura ta dame shi, kullum sai ya tsayar da aiki, mai injin yana tsaye da layin mata da kwanuka. Na duba na ga aikin gudu ɗaya yake so daga safe har yamma, in moto ya ɗan ja baya kaɗan da nauyin shinkafa, ba wanda zai sani ko ya damu. Da hannuna na kwance idon, na canza saitin, na miƙa wa mai injin na ce ya ba yara su yi wasa. Har yau injin yana casa. Haka famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da sola, duk waɗanda na haɗa daga nan har Ajingi marasa ido ne, kuma ko kyauta aka ba ni inkoda ba zan sa musu ba. Ido ƙarin waya ne, ƙarin abin lalacewa, ƙarin abincin ɓera. Sanin inda ba a buƙatarsa rabin sana'ar ne.

Ɗaya rabin kuwa a masana'antar man gyaɗa ta Hajiya Larai na biya kuɗin makarantarsa.

Hajiya Larai 'yar Ajingi ce. Da tuyar ƙuli-ƙuli ta fara a zauren mahaifinta, har ta kai ga manyan injinan matsa da motoci na layi a ƙofarta lokacin kaka. Doguwa ce, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita magana. Duk moton da ke gidan ni nake kula da shi, shekara da shekaru. Abincin gidana, in an bi salsala, daga wannan ƙofa yake fitowa.

Wani rani ta sayo injin ɗaga kaya daga wani kamfani da ya rufe a Kano, don a huta da hawa tsani da buhu a ka. Ma'aikata suka sa masa suna ƙugiya. Ana rataya masa buhunan gyaɗa a ƙasa, ya ɗaga su zuwa benen katako inda ake juye su cikin bakin injin. Ni na kafa shi. Yana da birki a jikin moto, yana kuma da ido. Ga dalilin idon, ku saurara da kyau. In kaya na rataye a sama, birki ne ke riƙe da su. Da an danna tashi, sai birki ya saki, moto ya karɓa. A wannan ɗan lokaci moto bai fara juyawa ba, kuma nan ne hasashen inbata ya fi rauni, domin moton da ke tsaye ba ya ba ta labarin kirki ta hanyar wuta. Mai ido yana riƙe kaya cak tun kafin birki ya saki, in kuma ya ga kaya sun fara ja baya, sai ya damƙe birki. Marar ido bai ma san kayan suna faɗuwa ba. Shi a zatonsa sama suke yi.

Akwai al'ada a gidan, tun lokacin da Hajiya ta kafa injinta na farko. Ranar da aka matse gyaɗar farko ta kaka, ana ɗiban man farko a ƙaramar ƙwarya, a yi addu'a, sannan babban ma'aikaci ya zagaya ya ɗiga wa duk abin da ke juyawa, don a fara da albarka. A da ba ya cutar da komai, ƙarfe ne da bel. Mai zagayawar shi ne Baba Tanko, shugaban 'yan dako, dattijo mai tsoron Allah wanda ba ya yin aiki rabi. Da ya zo kan ƙugiya ya ga gwangwanin nan a wutsiyar moto da murfi a rufe, sai ya ga ai baƙo ne a gidan, bai kamata a hana shi rabonsa ba. Ya nemo sukundireba, ya buɗe murfin, ya tsiyaya masa mai har ya ƙoshi, ya mayar ya ɗaure.

Kafin azahar aka kira ni. Na tarar da buhuna a rataye tsakanin sama da ƙasa, birki ya damƙe, inbata tana ƙyafta lambar ƙorafi. Da na buɗe inkoda, ƙamshin man gyaɗa ne ya fara gaishe ni. Man ya haɗu da ƙurar ɓawo ya zama kunu a kan faifan. Na wanke faifan a hankali, amma man ya riga ya shiga 'yar fitilar, ta mutu.

Baba Tanko ya matso yana murza hula a hannu. "Injiniya, ni ne. Na ga kowa ya sha, shi kaɗai aka bari."

Na ce, "Baba, ai ka yi masa karamci. Shi dai ba ya shan mai ne."

Na buga waya Kano wurin masu sayar da kaya, babu irinsa. Sai an aiko daga Legas, in ma can babu sai daga waje. Magana ta makonni, ga kaka ta kama, motoci na jere a waje.

Hajiya ta sauko daga ofis ta tsaya a kaina. Na yi mata bayani, na ce a koma tsani kafin ido ya iso.

Ta ce, "Malam Isuhu, ba kai ka cire wa injin Kademi irin wannan abin ba? Mai injin da bakinsa ya faɗa mini, ya ce ko shayinsa bai huce ba ka gama."

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"To cire wa wannan."

"Wancan shinkafa yake casawa a ƙasa, Hajiya. Wannan buhuna yake ɗagawa a kan mutane."

"Zai yi aiki ko ba zai yi ba?"

"Zai yi."

"To me ya rage?"

"Zai yi yau, zai yi gobe. Ranar da birki ya ci, ko wuta ta yi ƙasa daidai lokacin tashi, zai saki kaya bai san ya saki ba."

"Wace rana ce wannan?"

"Allah ne ya sani."

"To ka bar wa Allah abin da ya sani, kai ka yi abin da ka sani."

Ma'aikata sun daina aiki, duk sun zuba mana ido. Ni kuma jinin samartaka bai gama barina ba a lokacin, ga kai cike da maganganun jarumai na cikin littafi. Na miƙe na kakkaɓe wando na ce, "Shi ke nan, Hajiya. Zan canza shi yanzun nan, in ke za ki tsaya a ƙarƙashin buhunan nan a yi gwajin farko."

Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Ban san Hajiya Larai ba, duk shekarun nan. Ta gyara mayafinta, ta taka a hankali, ta je ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙugiya, inuwar buhunan ta rufe ta. Rana tana shigowa ta hujojin kwano, ƙurar gyaɗa tana yawo cikin hasken kamar garin zinariya, ita kuma tana tsaye a tsakiya ko ƙyafta ido ba ta yi.

Ta ce, "Na tsaya. Danna."

Baba Tanko ya ɗora hannu a ka yana salati.

Na ce, "Hajiya, don girman Allah ki fito."

"Kai ka gindaya sharaɗi, na cika. Danna, Malam Isuhu."

Yatsana yana kan madannai. Lambar tana nan a gabana, na san ta kamar sunana. Na janye hannu, na rufe murfin akwatin, na tattara sifana da mita na zuba a jaka.

Ta ce, "In ka fita da jakar nan, ka fita ke nan."

Na ce, "A gafarce ni, ranki ya daɗe." Na fita. Ban bar harabar ba sai da na ga an sa sarƙar hannu an sauke buhunan, sannan na tayar da babur.

Washegari ta aika Kano aka ɗauko Habu. Ba zan rage masa daraja ba, Habu gwani ne. Ya canza saitin zuwa marar ido, ya ɗaure birki, ya sa moto ya riƙa cika ƙarfi kafin birki ya saki, ya ce a rage yawan buhunan da ake ratayawa. Ƙugiya ta tashi. Abu ɗaya ne, duk lokacin da aka tayar da ita da kaya a sama, sai ta sulɓe ƙasa kamar taƙi guda kafin ta kama. A hanyarsa ta komawa ya biyo ta shagona.

Ya ce, "Mutumina, ga shi tana aiki. Taƙi ɗaya ne fa."

Na ce, "Wa ya faɗa mata ta tsaya a taƙi ɗaya?"

"Lissafi."

"Lissafin ya san ranar da za a rataya mata jiƙaƙƙiyar gyaɗa?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai har yanzu littattafan nan ba su sake ka ba. Komai sai ka mai da shi rai da mutuwa." Muka sha fura tare, ya hau mota. Kuma bari in faɗa muku gaskiya don kada ku jira abin da ba zai zo ba: har ranar da nake wannan rubutu ƙugiyar ba ta taɓa sakin kaya a kan kowa ba. Alhamdu lillahi. Ba zan jefa buhu a kan bawan Allah don labarina ya yi daɗi ba.

Wannan shekarar ita ce mafi muni a sana'ata. Labari ya zagaya, amma ba yadda ya faru ba. Cewa aka yi Isuhu ya sa Hajiya Larai ta tsaya ƙarƙashin kaya a gaban ma'aikatanta, sannan ya kasa aikin da wani ya zo ya yi kafin la'asar. Masu injinan niƙa da na casa suka daina kirana ɗaya bayan ɗaya. In na shiga kasuwar Gaya sai in ji ana cewa, "Ga mai ido nan." Na koma gyaran fanka da dutsen guga da moton keken ɗinki. Mitata mai kyau, wadda ake maƙala wa waya ta faɗi nauyin wuta, na sayar da ita kafin damina. Na koma gonar gado na yi gero, hannun da ya saba da siririyar waya ya yi kanta da fartanya. Wanda ya ce muku aikin nan a cikin inuwa ake yin sa, ku tambaye shi ko ya taɓa naɗa koyil ɗin fankar tebur da safe don a ɗora tukunya da rana.

Wata ranar kasuwar Ajingi na je sayen iri, sai na ji an kama hannun rigata. Baba Tanko ne. Ya ja ni gefe bayan rumfar masu tsire.

Ya ce, "Injiniya, ni na jawo maka wannan."

"Ba kai ba ne, Baba. Bakina ne."

"To tambaya ɗaya, tsakaninka da Allah. Yaran nan iyayensu ni suka damƙa wa. Abin nan da ke zamewa, in bar su su riƙa tsayawa a ƙarƙashi?"

Na san duk abin da na faɗa zai isa kunnen Hajiya kafin kasuwa ta watse. Na ce, "In ɗana ne, ba zai tsaya ba."

Ya gyaɗa kai, ya saki rigata, ya tafi.

Daga ranar 'yan dako suka canza aiki. Sai su rataya buhuna, kowa ya ja da baya har jikin bango, sannan a danna. Ba mai matsowa ya shirya kaya na gaba sai ƙugiya ta sauke ta dawo wayam. Hajiya ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta canza wasu, sababbin ma da suka zo suka bi sahun Baba Tanko. Aikin da ake gamawa kafin la'asar ya koma kaiwa magariba.

Ana gab da wata kakar, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar shagona. Hajiya Larai ta fito da kanta. Ban taɓa ganin ta a Gaya ba sai ranar. Na share benci da gefen riga, ta zauna tsakanin kawunan fankoki, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Nan ka koma?"

"Nan nake, ranki ya daɗe. Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Lafiya. Ba dogon zance ya kawo ni ba. Ina kafa injin shinkafa a bayan na gyaɗa. Habu yana Kano, kafin ya zo an yi asarar yini. Ka dawo ka riƙe duka biyun."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Abu ɗaya nake so. Ka zo ka tsaya gaban 'yan dako ka ce musu ƙugiya lafiyarta ƙalau. Maganarka kawai suke ji."

"An sa mata ido?"

"An sa mata sabon birki."

"Birki yana da kyau. Ido fa?"

"Shekara guda tana aiki, Malam Isuhu. Ko ƙwayar gyaɗa ba ta zubar ba."

"Hajiya, idon nan bai kai kuɗin tayar motarki ɗaya ba. Ki sa a kawo, in ɗaura shi, in tsaya a ƙarƙashi da kaina in kira su su gani."

Ta kalli titi ta ce, "Ba kuɗin ba ne, kai ma ka sani. Na tsaya a ƙarƙashin abin nan a gaban yarana. In na sa masa ido yau, na ce musu ranar nan hauka na yi."

"Ni kuma in na ce musu lafiyarta ƙalau, na ce musu ranar nan ƙarya na yi."

"Shinkafa da gyaɗa fa, Isuhu. Ka dubi shagon nan."

Na duba. Fankoki ne, da dutsen guga biyu, da rediyon wani mai shayi. Na ce, "Na gani, ranki ya daɗe. Ba zan faɗa ba."

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma sake tayin ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Habu ne ke riƙe da injinanta har yau, 'yan dako kuma har yau jikin bango suke tsayawa. Da ta kai bakin mota sai ta tsaya, ta yi wa direbanta magana. Ya buɗe but ya ciro wata tsohuwar fanka mai tsayuwa, wuyanta a karye, ya kawo ya jingina a ƙofata.

Ta ce, "Ta ɗakina ce. Tana juyawa ta tsaya. Ko ita ma sai an aiko mata da ido daga Legas?"

Na juya fiffiken da yatsa, na kara kunne a jikin moton.

Na ce, "A'a, Hajiya. Wannan in ta gaji, zafi kawai za ki ji. A turo a karɓa jibi."